Lauya da AI: in na'ura ta ƙago hukuncin da babu shi, wa za a kama?

Ɗalibar_Doka ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Dan Allah tambaya gareni ga lauyoyin da ke cikinmu da kuma masu harkar kwamfuta, a taimaka a min bayani yadda zan gane.

Ni ɗalibar shari'a ce a shekarar ƙarshe, kuma maganar AI ɗinnan ta raba kan malamanmu gida biyu. Akwai wanda ya ce duk ɗalibin da ya kama ya yi aiki da ChatGPT ko makamancinsa sifili zai ba shi ba wata magana, akwai kuma wanda kullum cewa yake lauyan da bai iya sarrafa waɗannan manhajojin ba nan gaba kaɗan babu ofishin da zai ɗauke shi aiki. Toh mu da muke tsakiya wanne za mu kama? Ni dai aikin kansa ya fi damuna akan jarabawa. In lauya ya sa AI ya nemo masa hukunce-hukuncen baya da zai kafa hujja da su, sai ya kawo masa wanda babu shi a duniya, ya kai gaban alƙali, wanda yake karewa ya faɗi a shari'a ko ya yi asarar dukiya, wa za a kama? lauyan ne, ko kamfanin da ya ƙera manhajar, ko kuwa shikenan an bar bawan Allah da asararsa? Sannan me ya hana gwamnatoci su zauna su yi doka guda ɗaya tak da za ta ce ga inda aka yarda ga inda ba a yarda ba? Nagode.

Tsohon_Lauya ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Tambayarki ta farko tana da amsa, kuma kotuna sun ba da ita tun ba a yi wata sabuwar doka ba. Wanda ya sa hannu a takarda shi ne da alhakinta.

Bari in ba ki shari'ar da kowa yake farawa da ita, ta wani mutum mai suna Mata da kamfanin jiragen sama na Avianca, a kotun tarayya da ke birnin New York. Mutumin ya ce keken da ake turo abinci a jirgi ne ya buge shi a gwiwa, kamfanin kuma ya nemi a kori ƙarar saboda lokacin shigar da ita ya wuce. Lauyan mai ƙara, wanda ya fi shekara 30 yana aiki, ya rubuta martani ya jero hukunce-hukuncen da suke goyon bayansa, da sunayen masu shari'ar, da lambar kundi, da shafi, komai tsaf. Lauyoyin ɗaya ɓangaren suka je nema suka rasa. Shida daga ciki babu su, ChatGPT ne ya ƙaga su. Inda nake so ki lura shi ne, mutumin ya tsaya ya tantance fa, amma maimakon ya buɗe kundin hukunce-hukunce ya gani da idonsa, sai ya koma ya tambayi ChatGPT ɗin ko ɗaya daga ciki, wadda aka sa wa suna Varghese da China Southern Airlines, shari'ar gaske ce, shi kuma ya ce masa ƙwarai, har ana samunta a Westlaw da LexisNexis, manyan rumbunan intanet da lauyoyi ke neman hukunce-hukunce a ciki. A watan Yunin 2023 alƙali Kevin Castel ya ci lauyoyi biyu da ofishinsu tarar dala 5,000, ya kuma sa suka aika wasiƙa ga kowane alƙalin da aka jingina wa hukuncin ƙarya. Alƙalin ya faɗa a fili cewa amfani da manhaja mai inganci ba laifi bane a karan kansa. Abin da ya ɓata masa rai shi ne sun ci gaba da tsayawa akan hukunce-hukuncen bayan an ja hankalinsu.

A Ingila ma haka. A watan Yunin 2025 babbar alƙaliya Dame Victoria Sharp ta haɗa shari'o'i biyu ta yi hukunci akansu. A ɗaya, wadda aka kai bankin Qatar National Bank ƙara, an kawo hukunce-hukunce 45, 18 daga ciki babu su, kuma wanda ake wakilta ne ya yi binciken da kansa lauyan ya karɓa ya shigar bai duba ba. Kotun ta yi gargaɗin cewa irin wannan zai iya kai lauya ga tuhumar raina kotu, ko ma a miƙa shi ga 'yan sanda.

Shi yasa ni a ganina lauya ba ya buƙatar sabuwar doka akan wannan. Tun muna ƙananan lauyoyi aka koya mana cewa in ka sa yaron ofis ya yi maka bincike, kai za ka karanta kafin ka sa hannu, in ya yi kuskure kai alƙali zai tsayar, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ƙungiyar lauyoyin Amurka ma da ta fitar da ra'ayinta mai lamba 512 a watan Yulin 2024, tsoffin ƙa'idoji ta ɗauko ta ɗora akan sabon abu: ka san kayan aikin da kake amfani da shi, ka kare sirrin wanda kake wakilta, kar ka yaudari kotu, kuma in aikin awa biyar ya koma na minti talatin kar ka caji mutum kuɗin awa biyar. Wannan na ƙarshen shi ne wanda ba a cika son a tayar ba a cikinmu, amma gaskiya ce.

Don haka ki koye shi 'yata, amma duk hukuncin da ya ba ki, ki nemo asalinsa, ki duba sunan kotun da shekarar, ki karanta sakin layin da aka ce ya faɗi abin, ki kuma tabbatar wata kotu ta sama bata rushe shi ba. In baki same shi da idonki ba, baya shiga takardarki.

Injiniya_Manhaja ya amsa:

Yallaɓai ya gama magana ta ɓangaren lauya, ni bari in ɗan taɓa dalilin da yasa abin yake yin haka, dan mutane da yawa sun ɗauka wai wata matsala ce da za a gyara gobe da safe. Irin waɗannan manhajojin ba kundi bane da suke buɗewa su ɗauko maka abu, an horar da su ne akan rubutu mai ɗimbin yawa har suka iya hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata, toh kinga sunan shari'a yana da siffa da aka saba, wane da wane, lamba, sunan kotu, shekara, in kika ce ya kawo miki hukuncin da ya goyi bayan magana kaza kuma babu irinsa, zai haɗa miki abu mai wannan siffar ne kawai, kuma da irin muryar da yake faɗin gaskiya da ita zai faɗi shaci-faɗin, babu wata alama da za ta nuna miki bambanci.

Kamfanonin da ke sayar wa lauyoyi manhaja sun yi ƙoƙarin magance wannan ta hanyar sa manhajar ta fara binciko takardun gaske daga rumbunsu sannan ta rubuta amsa akansu. Ya rage matsalar sosai amma bai kashe ta ba. Masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada su a 2024, suka samu na kamfanin LexisNexis, wato Lexis+ AI, yana ba da amsa mai kuskure a sama da kashi 17 cikin ɗari na tambayoyin, na Westlaw kuma kusan ɗaya cikin uku. Kuma wanda ya fi haɗari a wajena shi ne inda hukuncin na gaske ne, akwai shi, amma bai faɗi abin da manhajar ta ce ya faɗa ba, dan shi wannan in suna da lamba kawai kika duba zai wuce miki.

Sai tambayarki ta biyu, me ya hana a yi doka guda. Ƙanwata an gwada fa. Tarayyar Turai ta gabatar da daftarin dokarta ta AI a watan Afrilun 2021, ana cikin muhawara sai ga ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, dole aka koma aka ƙara sashe guda akan irin waɗannan manyan manhajojin da ba aiki ɗaya aka yi su dominsa ba, dokar bata fara aiki ba sai 1 ga Agustan 2024, kuma kashi-kashi ake aiwatar da ita. Tarar da ke ciki ba ƙarama bace, tana kai yuro miliyan 35 ko kashi 7 cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya ga wanda ya aikata abin da aka haramta. Amma ki lura, abin da ta sa a sahun masu babban haɗari a harkar shari'a shi ne manhajar da aka yi dan kotu ta yi amfani da ita wajen nazarin hujjoji da fassara doka. Lauyan da ke zaune a ofishinsa da dare yana tambayar ChatGPT baya cikin wannan sahun.

Wani ƙoƙarin kuma shi ne tilasta wa lauya ya bayyana. Alƙali Brantley Starr a Texas ya fara a watan Mayun 2023, ya ce duk lauyan da zai zo gabansa ya sa hannu cewa ko dai bai yi amfani da AI mai rubutu ba, ko kuma mutum ya duba duk abin da ya rubuta. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayyar Amurka ta yanki na biyar ta so ta yi irin wannan ƙa'idar ga kowa, ta nemi ra'ayin lauyoyi, ƙarshe a 2024 ta fasa. Ni banga laifinta ba, dan yanzu AI ɗin ya shiga cikin manhajar rubutu, da ta imel, da injin bincike, da ta fassara, a ina za a ja layi a ce daga nan ne aka fara amfani da shi? Kafin a gama rubuta ma'anarsa a doka abin ya sauya kama.

Abu ɗaya da zan roƙe ki, kar ki taɓa liƙa takardar wanda kuke wakilta a manhajar kyauta ta intanet. Bayanan suna tafiya kwamfutocin kamfani ne, sau tari a wata ƙasar, kuma wasu suna iya amfani da su wajen ƙara horar da manhajar sai in kin kashe wannan da kanki.

Barista_MaiKareTalaka ta amsa:

Yallaɓai Tsohon_Lauya ina girmama ka kuma na yarda da maganar sa hannu, amma ka yi haƙuri, amsar ta tsaya ne a inda akwai lauya, alhali mafi yawan mutanen da nake gani a aikin taimakon shari'a kyauta basu da lauya kuma ba za su taɓa iya biya ba. Matar da mai gida ya ba ta takardar tashi, ma'aikacin da aka kora ba a biya shi haƙƙinsa ba, yanzu wayarsu suke ɗauka su tambaya, kuma wlh ban ga laifinsu ba, wani lokacin ma bayanin da suke samu ya fi zaman duhun da suke ciki. Amma in manhajar ta ce wa mutum yana da wata shida ya shigar da ƙara alhali dokar wajensu ta ba shi wata uku, ya zauna ya jira, lokaci ya wuce, hannun wa ke kan wannan shawarar? Babu ƙungiyar lauyoyin da zai kai wa koke, babu lasisin da za a ƙwace, babu inshorar da za ta biya shi, kamfanin kuma tun a sharuɗɗan da mutum ya danna ya amince bai karanta ba ya riga ya rubuta cewa shi ba shawarar lauya yake bayarwa ba. Nan ne ramin yake.

An ɗan taɓa yin wani abu. Kamfanin DoNotPay a Amurka ya tallata kansa a matsayin lauyan mutum-mutumi na farko a duniya, hukumar kula da kasuwanci ta tarayya, FTC, ta tuhume shi a 2024 cewa bai gwada ko aikin manhajar ya kai na lauya ba, bai kuma ɗauki lauyoyin da za su tantance ingancinta ba, aka daidaita ya biya dala 193,000. Amma ku lura akan tallar yaudara aka kama shi. Da bai kira kansa lauya ba, ta wace ƙofa za a shiga?

Sannan wanda ya fi ci min rai, manhajar da kotu da kanta take amfani da ita akan mutum. Ki nemi shari'ar wani mai suna Loomis ta jihar Wisconsin a Amurka, 2016. An yanke wa mutumin shekara shida a gidan yari, kuma cikin abin da alƙalin ya duba akwai makin da wata manhaja mai suna COMPAS ta ba shi cewa akwai babban yiwuwar zai sake aikata laifi. Ya ce toh a nuna masa yadda aka lissafa makin dan ya ƙalubalance shi, aka ce sirrin kasuwancin kamfani ne. Kotun ƙolin jihar ta ce ba a tauye masa haƙƙi ba. A shekarar dai, 'yan jaridar ProPublica suka bi bayanan mutane sama da 7,000 da aka kama a gundumar Broward ta Florida, suka samu cewa cikin waɗanda basu sake aikata laifi ba, baƙaƙen fata da aka yi wa tambarin masu haɗari sun kai kusan kashi 45 cikin ɗari, farare kuma kusan 23. Kamfanin da ya ƙera COMPAS ya musanta, ya ce ta wani ma'aunin daban makin nasa daidai yake ga kowa, masana lissafi kuma suka nuna cewa ma'aunan adalcin guda biyu ba za a iya cika su a lokaci ɗaya ba in yawan sake kamawa ya bambanta tsakanin ɓangarorin. Toh zaɓen wanne za a bi cikin biyun ai hukunci ne akan rayuwar mutane, bai kamata ya zama injiniyan kamfani ne zai yanke shi a ɗaki a rufe ba. Duk shaidan da ya tsaya a kotu ina da damar in yi masa tambayoyi in gwada gaskiyarsa, wannan shi ne ginshiƙin aikinmu, ban ga dalilin da za a ce wannan shaidan shi kaɗai ba a tambayarsa ba.

Ɗalibar_Doka ta sake rubutawa:

Kai, Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru ba kaɗan ba. Anti Barista maganarki ta tayar min da wata tambayar. Su alƙalan fa, an yarda su tambayi ChatGPT yayin rubuta hukunci? Baba Tsohon_Lauya in alƙali ne ya yi, wa zai ci tararsa?

Tsohon_Lauya ya amsa:

Barista kin yi gaskiya, maganata ta rufe lauya ne kawai, kuma akan Loomis ina tare da ke ɗari bisa ɗari. Inda zan ɗan ja da ke shi ne kar garin kare talaka a hana shi abin da ya samu. In aka ce duk manhajar da ta amsa tambayar shari'a sai ta ɗauki alhakin lauya, kamfanonin za su toshe irin tambayoyin ne kawai, matar da kika ambata ta koma babu lauya babu bayani. Ni zan fi son a tilasta musu gwaji daga wani ɓangare mai zaman kansa, a kuma bayyana sakamakon kowa ya gani.

'Yata, alƙalai sun riga sun fara. A watan Janairun 2023 alƙali Juan Manuel Padilla a birnin Cartagena na ƙasar Kolombiya ya rubuta a cikin hukuncinsa cewa ya tambayi ChatGPT, a shari'ar wani yaro mai lalurar galahanga, wato autism, da ake jayayya ko inshora za ta ɗauki kuɗin kula da lafiyarsa. Maganar ta kai kotun tsarin mulkin ƙasar, a 2024 ta bar hukuncin saboda ta ga alƙalin ya riga ya kai ga matsayarsa da kansa, amma ta ce manhaja ba za ta maye gurbin tunanin alƙali ba, kuma in ya yi amfani da ita dole ya bayyana. Ingila ta ba alƙalanta jagora a Disambar 2023, ta ce za su iya taƙaita dogon rubutu da shi ko ayyukan ofis, amma bata ba da shawarar a yi binciken doka da shi ba, kuma kar a sa bayanan sirri a manhajar da kowa ke shiga. Faransa ita ta wani ɓangaren ta ɓullo, tun 2019 ta haramta tattara bayanan alƙalai da sunayensu dan hasashen yadda kowannensu zai yanke hukunci, hukuncin wanda ya karya yana kai shekara biyar a gidan yari. Kinga kowace ƙasa da abin da ya fi tsorata ta, shi ma yana cikin dalilin da yasa doka guda ta gagara.

Alƙali kuwa ba a cin tararsa kamar lauya. Hanyar ita ce ɗaukaka ƙara, ko koke ga hukumar da ke ladabtar da alƙalai, kuma duka biyun sai kin san ya yi amfani da manhajar tukuna. Shi yasa akan alƙali nake goyon bayan a tilasta bayyanawa, duk da ban damu da ita akan lauya ba.

Barista_MaiKareTalaka ta amsa:

Na karɓi maganar gwaji mai zaman kansa Yallaɓai, in dai za a haɗa da cewa duk manhajar da kotu za ta yi amfani da ita akan beli ko hukunci, lauyan wanda ake tuhuma yana da damar a buɗe masa ita. Ƙanwata in za ki yi aikin kammala karatunki akan wannan, ki karanta hukuncin Loomis ɗin da kanki, musamman inda kotun ta ce ba a yarda makin ya zama shi zai yanke ko za a ɗaure mutum ko tsawon ɗaurin ba, da jerin gargaɗin da ta ce dole a rubuta a haɗa da rahoton COMPAS kafin ya isa hannun alƙali. Ki tambayi kanki ko gargaɗi a takarda ya isa ya goge maki daga zuciyar wanda ya riga ya gani. Loomis ya nemi kotun ƙolin Amurka ta saurare shi, a 2017 ta ƙi karɓar ƙarar, dan haka har yau bata ce komai akan shari'ar tasa ba.